Nola, Mai Kula da Hanyar da Jirgi Ya Bari

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun gabas, farar a-kori-kurar Nola Brandhorst ta riga ta tsaya a ƙofar shagona. Ba sai na leƙa ba. Ƙarar ƙofar motar ta ishe ni, don sai an doke ta da ƙugu take rufuwa. Shagon nawa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kesselburg yake, inda iyayenmu suke yankar tikiti a da. Yanzu gahawa da ƙwai da kek ɗin tuffa nake sayarwa a wurin. Nola za ta shigo da takalman aiki, ta miƙo kofinta tun daga bakin ƙofa.

"Maxine, yau ma ruwan wanke-wanke ne, ko kin tuna kin zuba gahawa a ciki?"

"Sha ki ba ni wuri, tsohuwa. Mutanen kirki suna tafe."

Daga nan sai ta hau hanya. Tuƙin kunkuru take yi, gilashi a sauke ko da sanyi yana yanka kunne, idonta a ƙasa. A bayan motar akwai injin yankan itace da shebur da manjagara da tulin farar tsakuwa. Reshen da iska ta karyo, ramin da wata dabba ta tona, zaizayar da ruwan jiya ya yi, ƙayar da ta zubo daga bishiya, duk nata ne. Mu da muke tafiya a ƙafa ba ma ganin waɗannan abubuwa. Amma masu keken tsere tayarsu ba ta fi babban yatsa kauri ba, kuma ɗan ramin da ba ka lura da shi ba ya isa ya kai mutum asibiti. Shi ya sa take ɗauke da nata tsohon keken mai siraran tayoyi. Duk inda ta gyara sai ta sauke shi ta bi ta kai.

"Idan haƙorana suka kaɗa, ban gama ba," in ji ta.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki da hukumar gandun jiha, bayan fiye da shekara talatin. Ta gargaɗe ni kada in shirya mata biki. Na ce to. Ban dai yi alkawarin ba zan rubuta ba.

Yaran da suka taso suka ga kekuna jere a ƙofar kowane shago suna ɗauka haka garin yake tun asali. Ba haka yake ba. Da jirgi ya daina zuwa, garin nan kwanciya ya yi. Aka rufe kantin kayan gini, aka rufe ɗakin shan magani, ciyawa ta cinye layin dogo. Sai gwamnati ta ce za ta cire ƙarafan, ta shimfiɗa tsakuwa, ta mai da layin hanyar kekuna a cikin gandun shaƙatawa. Manoman fadama suka ce ba su san zancen ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Emmett Brandhorst, mahaifin Nola.

"Ƙasar nan aro kakana ya ba jirgi," yake faɗa a kowane taro. "Jirgi ya tafi, sai a mayar wa mai ita. Ba a kawo mana 'yan birni masu matsattsen wando su riƙa leƙa mana taga ba."

Ana tafa masa, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba.

A wannan lokacin ne kamfanin takalma da Nola take wa aiki ya rufe. Ga 'ya'ya biyu, mijinta kuma ya rasu. Hukumar gandu tana neman mai kula da hanyar, ta nema, aka ɗauke ta. Maƙwabcinsu Hollis Tappmeyer yana rumbun Emmett ranar da ta shigo sanye da koriyar rigar aikin, kuma shi ya ba mu labarin.

Emmett ya dube ta sama da ƙasa. "Rigar wa kika sa?"

"Ta aiki ce, Baba."

"Ta waɗanda suka ƙwace mana ƙasa."

"Hanyar nan za a yi ta, da ni ko ba ni. Gara a ce wadda ta san inda shingenka yake ita ke kula da ita."

"To ki ji da kyau. Ƙafata ba za ta taka hanyar nan ba har in mutu. Ke kuma in za ki shigo gidan nan, ki cire rigar nan a waje."

Ba ta yi musu ba. Duk Lahadi bayan coci sai ta leƙa hanyar, sannan ta wuce cin abinci gida. Za ta tsaya a bakin shinge ta cire rigar ta rataye a kan turke, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, ta shiga ta gaishe shi. Shi kuwa sai ya tambaye ta yara, ya tambaye ta mota, amma bai taɓa ce mata yaya aiki ba. Haka suka yi shekaru.

Shekarun nan ba su yi mata daɗi ba. A kantin abincin dabbobi idan ta shiga sai hira ta mutu. Wasu suna kiranta 'yar gwamnati. Da safe takan tarar an watsa ƙusoshi a hanya. Hollis da bakinsa yake ba da wannan labarin yanzu, yana dariya har da hawaye, don shi ne mai watsawar. Ya ce wata rana yana zaune a barandarsa sai ga ta da gwangwani cike da ƙusoshi, ta bi ta tsince su da maganaɗisu. Ta ajiye a gabansa.

"Kawu Hollis, ga ƙusoshinka, sun zube maka a hanya. Ka riƙa duba aljihunka, ina jin ya huje."

Sai ta ɗebi kaɗan ta je ta gyara masa ƙofar shingensa da ta daɗe a karkace, ta shiga mota ta tafi. Ba ta kai ƙararsa ko'ina ba. Ya ce tun da yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kada a ɗauka 'yan keke ta ke lallaɓawa. Wanda ya shiga gonar mutane ya karyi masara, ko ya bar ƙofar shinge a buɗe, sai ta mai da shi ya rufe, ya kuma je ya ba mai gona haƙuri. Akwai wani likitan haƙori, Likita Feldman, shugaban wata ƙungiyar 'yan keke da ke zuwa daga St. Louis. Yakan ratsa tsakiyar gari da gudu, kai a sunkuye, kamar ana korarsa. Ta tare shi da mota a gaban shagona.

"Likita, nan ba filin tsere ba ne, ƙofar gidan mutane ce. Ka ɗaga kai ka gaishe su, ba za ka mutu ba."

Tun daga ranar ba ya wuce tsoho a baranda bai ɗaga masa hannu ba.

Sai shekarar babbar ambaliya ta zo. An daɗe ana tafka ruwa, kogi ya cika har ya kai bakin jingar ƙasar da ke tare shi. Wata safiyar Asabar aka yi shela cewa jingar ba za ta kai yamma ba, kowa ya fita daga fadama. Titin mota da ke shiga gonakin ya riga ya nutse a kwari. Mutane kam an kwashe su a kwalekwale. Emmett ya ce babu inda za shi ya bar shanunsa, garken da ya gada daga mahaifinsa, ya shafe rayuwarsa yana kiwo.

Nola ta shigo shagona jiƙe sharkaf. An rufe hanyar kekuna saboda ruwan, don haka Likita Feldman da 'yan ƙungiyarsa suna zaune cunkushe, suna shan gahawa suna ƙorafi. Ta wuce wurin waya ta kira shugabanta, Mista Pruitt. Duk muna ji.

"Yallaɓai, zan buɗe ƙofar hanya in koro shanun babana ta kan tsohon layi. Shi kaɗai ne tudun da ya rage. Na san doka ta hana."

Ta ɗan nisanta wayar daga kunnenta, muka ji muryarsa. "Nola, layin nan ba shi da kyau, ban ji abin da kika ce ba. Ki dai kula da gadar rafi."

Ta ajiye ta juyo wurin 'yan keke. "Wa ya taɓa kiwo a cikinku?"

Wata mata ta ce tana da kyanwa.

"Ya isa. Ku ɗauko kekunanku."

Ni ma na kulle shago na bi su da tsintsiya a hannu. Har yau ban san me na yi niyyar yi da ita ba.

Masu ginin layin dogo sun ɗaga shi sama da fadama fiye da tsayin mutum, amma siriri ne, kuma babu shinge ta kowane gefe. Hagu ruwa, dama ruwa. Saniya ɗaya ta firgita ta gangara, sauran za su bi ta. Nola ta jera mu a gefe da gefe, kowa ya riƙe kekensa a gicciye a gabansa. Kekunan suka zama shinge mai tafiya. Mutanen da ba sa yarda ƙura ta taɓa kekensu, ga su cikin taɓo har idon sawu.

Muka tarar da Emmett a bakin shingensa, Hollis yana gefensa, ruwa ya fara lasar ƙafar rumbu. Ya dubi 'yan keken, ya dubi 'yarsa.

"Me ya kawo waɗannan?"

"Kiwo suka zo, Baba. Buɗe ƙofa."

"Na rantse ba zan taka hanyar nan ba."

"To kada ka taka. Hau bayan mota ka riƙe bokitin dusa. Kai kaɗai suke ji."

Ta yi baya da motar har bakin shinge. Tsohon ya yi tsaye yana huci. Can sai ya dubi garken, ya miƙa wa Hollis sandarsa, ya hau. Ya zauna ƙafafunsa suna reto, ya kaɗa bokiti, ya yi kiran nan nasa da duk fadama ta sani. Wadda ta fara motsawa ita ce tsohuwar saniyar da ke jan garken, wadda ya sa wa suna Sanata, wai don ba ta aikin komai sai ci da gardama. Sauran suka biyo ta.

Lafiya lau muka yi tafiya har gadar rafi. Gadar ƙarfe ce mai daɓen katako, kuma ranar rafin ya zama kogi, yana ruri yana wucewa da bishiyoyi sukutum. Sanata ta hango ruwan ta tsakanin katakan ta kafe. Na baya suka fara turo na gaba, maruƙa suna kuka. Nola ta tsallaka da motar, Emmett yana baya, ta dawo a ƙafa da gudu da dammunan busasshiyar ciyawa da ta lodo daga rumbun mahaifinta kafin mu taso. Muka warware muka shimfiɗa har katakan suka ɓace. Emmett ya yi kira daga bayan mota, ya sake yi. Sanata ko gezau.

Sai muka ga Emmett ya zuro ƙafa ɗaya, ya zuro ɗayar, ya sauko. Ya tako gadar nan a hankali har gaban saniyar, ya kama igiyar wuyanta.

Hollis bai iya yin shiru ba. "Emmett, ƙafarka fa!"

"Rufe mini baki, Hollis. Ciyawata nake takawa."

Ya ja Sanata, ta biyo shi tana huci, garken ya bi bayanta.

Saura kaɗan su ƙare sai wani ɗan maraƙi ya zame ta ƙarƙashin wani keke ya gangara cikin ruwa. Kafin mu ankara Nola ta yar da rigar aikinta ta bi shi. Ta kamo shi ta wuya, ruwa ya kai mata ƙirji, yana jan su duka biyun wajen bakin rafi. Likita Feldman ya kwanta rub da ciki ya miƙa mata kekensa, ta kama tayar da hannu ɗaya, mutum uku suka riƙe ƙafafun likitan. Amma da hannu ɗaya ba ta iya hawowa, kuma ta ƙi sakin maraƙin.

Sai muka ji muryar Emmett, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Sake shi, Nola! Sake shi, 'yata! Ke nake so ki fito!"

Ta sake shi. Ruwa ya tafi da shi muna kallo. Aka jawo ta sama tana kakkarwa, kafaɗarta ta goce. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki koriyar rigar nan daga cikin taɓo, ya kakkaɓe ta, ya yafa mata da hannunsa, ya ja maɓallin wuya ya ɓalla. Matar nan mai kyanwa ta fashe da kuka a madadinmu duka.

Da la'asar jingar ta fashe. Ruwa ya kai tagogin gidan Emmett, ya tafi da rumbun. Shanun kuwa suna filin tasha a bayan shagona suna cin furannin da na shuka. Maraƙin nan kaɗai aka rasa. Washegari Mista Pruitt ya zo ya dubi hanyar, ya toshe hanci.

"Ban ga saniya ko ɗaya ba, Nola. Amma abin da suka bari naki ne."

Da ruwa ya janye, hanyar ta lalace ƙwarai. Wasu wurare babu ita sam, sai rami da yashi. Aka fara raɗe-raɗin za a rufe ɓangarenmu a karkatar da 'yan keke ta babban titi, wanda ke nufin garin ya sake kwanciya. Nola ta fara aiki da hannu ɗaya a rataye. Ba a yi mako ba sai ga tarakta tana tahowa a kan hanyar, Emmett a kai, ta Hollis a bayansa, sai na sauran manoman fadama. Ranar Asabar 'yan St. Louis suka zo da shebur maimakon keke. Kafin ganye ya fara zuba an buɗe hanyar.

Emmett bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa ƙasar tasu ce, kuma Nola takan ce wataƙila gaskiyarsa. Amma a shekarunsa na ƙarshe ya sa kujera a bakin shinge da tulun ruwan sanyi, yana tsokanar duk wanda ya tsaya sha.

"Kai, wandon nan na ƙanwarka ne?"

Nola, ke ce kika tsaya tsakanin mutanenki da baƙi, kowane ɓangare yana hararar ki, ba ki zagi kowa ba, ba ki kuma bar aikinki ba. Ke ce kika girmama mahaifinki ba tare da kin yar da abin da kika ga daidai ne ba. Ke ce mai tsince ƙaya kafin ta soki wanda ba ki sani ba. Dubban mutane sun bi hanyar nan sun koma gida lafiya, suna yabon inuwa da duwatsu da kogi, ba su san akwai wata mata da ta riga su fita da shebur ba. Jikata ta dawo daga birni ta buɗe shagon gyaran keke a tsohon kantin kayan gini. Makarantarmu da aka so a rufe tana nan cike da yara. Ba ke kaɗai kika yi ba, na sani, kuma za ki fara faɗin haka kafin kowa. Amma mun san wadda ta fara, lokacin da farawar take da ciwo.

Mun gode, 'yar Emmett. Allah ya saka miki, ya hutar da kafaɗar nan. Ku kuma matasan da za ku karɓi mukullin motar, ba sai kun shiga ruwa ba. Ku fito da wuri, ku dubi ƙasa, ku gaishe da manomi da baƙo da murya ɗaya.

Jiya na tambaye ta me za ta yi ranar farko da ba ta da aiki. Ta juya kofinta ta ce, ashe duk shekarun nan ba ta taɓa bin hanyar daga farko har ƙarshe ba. Ɓangarenta kawai ta sani. Tana so ta hau keke ta bi ta kamar kowa, ta ga abin da mutane suke gani idan sun ɗaga kai. Hollis yana kusurwa da sandarsa, ya ce ba za ta wuce gonarsa ba sai ta sauka ɗauke wani reshe.

Don haka ga roƙona gare ku, manoma da 'yan keke da masu yawo da kare. Ranar Litinin ta farkon wata ku riga ta fita. Wanda ya ga reshe ya ɗauke, wanda ya ga rami ya cike, wanda ya ga ƙofa a buɗe ya rufe. Ku bar matar nan ta wuce sau ɗaya kanta a sama, ba ta taɓa birki ba.